WAMBAI GIWA: WANDA YA ƘARA WA KANO GANUWA, YA RIƘE ƘARAYE

Garin Ƙaraye, wanda ke kudu maso yamma da birnin Kano, yana cikin tsofaffin garuruwan da sunansu ya fito a littafin Tarihin Kano kusan shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Abin da ya shigar da sunan garin cikin littafin nan kuwa yaƙi ne da mutuwa, domin a cikin ƙarni na 17 manyan masu mulkin Kano guda biyu labarinsu ya haɗu da garin nan. Na farkonsu shi ne Sarkin Kano Muhammadu Zaki, wanda ya rasu a Ƙaraye cikin shekarar 1618. Na biyun kuwa shi ne Wamban Kano Giwa, bafaden da ya gina wani babban yanki na ganuwar Kano da dukiyarsa, aka ba shi Ƙaraye don sakayya, daga baya aka tuɓe shi saboda tsoron ƙarfinsa.

Labarin Wambai Giwa ya zo ne cikin littafin Tarihin Kano, wanda aka harhaɗa da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Baturen mulki mai suna H. R. Palmer ya juya shi zuwa Turanci cikin 1908, sa'an nan aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Giwa laƙabi ne da aka yi masa saboda girmansa da ƙarfin ikonsa, amma kirarin da maroƙa suka yi masa ya adana sunansa na yanka, watau Abdullahi.

ZAMANIN DA YA TASO

Ba a fahimtar rayuwar mutumin nan sai an san halin da Kano ke ciki a lokacin da ya taso. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, gaba ta shiga tsakanin Kano da Katsina. A zamanin Rumfa kaɗai an yi shekara 11 ana gwabzawa ba wanda ya rinjayi wani. Gabar nan ta zama gado, in wannan sarki ya kau sai ya bar wa na bayansa. A zamanin Abubakar Kado, wanda ya yi mulki daga 1565 zuwa 1573, Katsinawa suka zo har bakin birni, suka yi sansani a Salanta, Kanawa suka fita suka tare su, aka kore su, tilas suka koma cikin ganuwa suka rufe ƙofofi. Sarkin da ya biyo baya, Muhammadu Shashere, ya ɗauki yaƙi ya tafi don ya rama, aka haɗu a Kankiya, nan ma Kano ba ta ji da daɗi ba.

Babban abin da ake faɗa a kansa shi ne hanyoyin fatauci. Tun zamanin Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja, inda fatake ke kai kanwa da tufafi su sayo goro. Hanyar nan ta yamma da kudu maso yamma ta ke bi, ta ratsa kudancin ƙasar Katsina. Har ila yau kuma, cikin 1591 rundunar Sarkin Maroko ta karya daular Sanwai a yaƙin Tondibi, kasuwancin Sahara ya ƙara karkatowa gabas zuwa ƙasar Hausa. Da haka ta faru, sai Kano da Katsina kowacce ta so a ce ita ce zangon ƙarshe na ayarin da ke tsallako hamada, ita ce kuma mafarin ayarin da ke zuwa kurmi.

To, a nan ne darajar Ƙaraye ta ke. Ƙasar Ƙaraye da Rogo tana iyaka da Katsina ta yamma, tana iyaka da Zazzau ta kudu. Ƙasa ce mai albarkar noma da kiwo, kogin Calawa ya ratsa ta, ga dazuzzuka inda mahara ke iya ɓuya. Duk wanda ya riƙe wurin nan ya riƙe ƙofar Kano ta yamma. In Katsinawa suka same shi, babu wani babban shinge tsakaninsu da birni, in kuwa Kanawa suka tsare shi da kyau, su ne za su riƙa kai hari kudancin Katsina a lokacin da suka so.

RASUWAR MUHAMMADU ZAKI

Muhammadu Zaki ya hau gadon sarauta cikin 1582, ya daɗe ƙwarai a kai, amma zamaninsa zamanin wahala ne. Kwararrafa suka taso daga kudu suka ci ƙasa, har mutanen Kano suka bar birni suka gudu Daura. Katsinawa kuma ba su daina kawo hari ba. A kan wannan sai ga wata babbar yunwa wadda ta yi shekara 11. A zamanin nan ne kuma aka yi Dirki, watau Alƙur'ani da aka naɗe da fata ana yi masa yanka, abin da ke nuna iyakar ruɗewar da masu mulki suka shiga wajen neman mafita.

Tarihin Kano ya ce da abin ya yi tsanani sai Sarki ya tara fadawansa da malamansa ya nemi shawararsu. Wani malami mutumin Magrib, ana kiransa Shehu Abubakar, ya ce zai ba shi taimakon da zai kori Katsinawa, amma da sharaɗin cewa in ya kore su, shi ba zai koma Kano ba. Sarki ya yarda. Ya fita cikin watan azumi, aka gwabza, Kano ta yi nasara, ta kama dawaki 400 da lifidi 60. Maganar malamin kuwa ba ta faɗi ƙasa ba, domin a Ƙaraye ajali ya sami Muhammadu Zaki, yana tsaron iyakar ƙasarsa, nesa da Gidan Rumfa. Wannan ya faru cikin 1618.

Ɗansa Muhammadu Nazaki ya gaje shi. Abu na farko da sabon Sarki ya yi shi ne aika manzanni Katsina don neman sulhu. Sarkin Katsina ya ƙi, maimakon amsa ma sai ya ɗauro yaƙi. Kanawa suka fita, aka haɗu a Ƙaraye, suka sake korar Katsinawa. Watau cikin ɗan ƙanƙanen lokaci garin ya ga mutuwar sarki guda, ya kuma ga nasarar wanda ya gaje shi. Daga nan kowa a fada ya san cewa Ƙaraye tana bukatar namiji wanda zai zauna mata.

SARAUTAR WAMBAI

A zamanin Nazaki, wanda ya yi mulki daga 1618 zuwa 1623, Giwa ke riƙe da sarautar Wambai. Sarauta ce babba ƙwarai a Kano. Tun lokacin da Rumfa ya kafa majalisar da a ke kira Tara ta Kano, Wambai yana cikin manyanta tare da Galadima da Madaki. Mai irin wannan sarauta yana da garuruwan da ya ke riƙo, da bayi, da barori, da dawakinsa na kansa, yana kuma fita yaƙi da tutarsa. Ba albashi a ke ba shi ba. Abin da ya samu daga ƙasar da ya ke riƙo, da rabonsa na ganima, da gaisuwar da a ke kawo masa, shi ne dukiyarsa, daga ciki kuma zai ciyar da jama'arsa, ya yi wa Sarki hidima.

Saboda haka girman bafade a wannan zamani yana ga yawan mutanen da ke ci a gidansa da yawan dawakin da zai iya fitarwa ran yaƙi. Ta wannan fuska kuwa Wambai Giwa ya kere tsararsa.

AIKIN GANUWA

Shekara guda bayan yaƙin Ƙaraye, Sarki Nazaki ya ɗaura yaƙi ya tafi Kalam. Wambai ba shi da lafiya, sai aka bar shi a gida. Ga mutum irinsa, a tafi yaƙi a bar shi kwance abin damuwa ne, domin waɗanda suka bi Sarki su ne za su dawo da ganima da suna, su ne kuma Sarki zai riƙa gani kusa da shi dare da rana. Da ya sami sauƙi sai ya tara mutanensa ya tambaye su abin da zai yi wanda zai faranta wa Sarki rai in ya komo. Suka ba shi shawara ya ƙara wa birni girma. Ya karɓi shawarar.

Ganuwar Kano daɗaɗɗiya ce. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, ɗansa Tsaraki ya kammala. Rumfa ya faɗaɗa ta cikin ƙarni na 15. Aikin Wambai Giwa shi ne babban mataki na uku. Ya ja ginin daga Ƙofar Dogo zuwa Ƙofar Gadon Ƙaya, ya bi ta Ƙofar Dukawuya zuwa Ƙofar Kabuga, daga Kabuga kuma ya kai shi Ƙofar Kansakali. Duk wanda ya san Kano zai ga cewa ƙofofin nan suna fuskar kudu maso yamma da yamma ne, watau gefen da ke kallon Ƙaraye, gefen da Katsinawa suka taɓa zuwa suka yi sansani a Salanta.

Amfanin ƙarin nan bai tsaya ga tsawon bango ba. Filin da ya shigo cikin ganuwa fili ne na noma da kiwo. A zamanin da, in abokan gaba suka kewaye birni, abin da ke karya mutane yunwa ce. In akwai gonaki da wurin kiwo a cikin ganuwa, mutanen ƙauye sa iya shigowa da iyalansu da dabbobinsu su fake, a kuma yi shuka a girbe ko da an rufe ƙofofi. Mutanen da suka ga yunwar shekara 11, suka kuma ga gudun Daura, ba sa bukatar a gaya musu darajar wannan.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Sai an haƙa ƙasa, a kwaɓa, a yi tubali, a bari ya bushe, sa'an nan magina su ɗora, ga kuma ramin da a ke bari a bayan ganuwa don hana doki ƙarasowa. Duk da hannu a ke yi, da kwando da fartanya. Tarihin Kano ya ce kullum safiya Wambai kan kawo wa ma'aikata ƙwarya 1,000 ta abinci da shanu 50, haka ya yi ta yi har aka gama. In mai karatu ya yi lissafi zai ga shanu 350 ke nan a mako, 1,500 a wata. Ko da a ce masu ba da labari sun ƙara gishiri, abin da su ke so su nuna a fili ya ke: mutum guda ya ɗauki nauyin aikin da a bisa al'ada sai sarki ke iya ɗauka.

Da Sarki ya komo daga yaƙi ya tarad da birninsa ya ƙaru. Wambai bai tsaya nan ba, sai ya tare shi da gaisuwar dawaki 100 na hawa, kowanne da kayan yaƙinsa. A zamanin nan doki mai lifidi shi ne babban makami, tun lokacin da Sarki Kanajeji ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano a ƙarshen ƙarni na 14. In an tuna cewa a babbar nasarar Muhammadu Zaki lifidi 60 aka kama har aka ga ya isa a rubuta a tarihi, za a gane nauyin kyautar da Wambai ya yi a rana guda.

AN BA SHI ƘARAYE

Sarki Nazaki ya yi murna ƙwarai. Ya tambayi fadawansa abin da ya kamata ya yi wa mutumin nan don shi ma ya ji daɗi. Suka ce ya ba shi gari. Sai ya ba shi Ƙaraye.

Kyautar nan tana da fuska biyu. Ta fuska guda girmamawa ce, domin ba kowa a ke danƙa wa ƙofar ƙasa ba, balle garin da mahaifin Sarki ya rasu a cikinsa. Ta ɗaya fuskar kuma, shawarar da fadawa suka bayar ta fitar da Wambai daga birni. Mutumin da jama'ar Kano suka yi wata da watanni suna cin tuwonsa, wanda sunansa ke bakin kowane magini da kowane ɗan dako, yanzu ya tafi bakin iyaka inda kullum mutum ke kwana da shirin yaƙi. Waɗanda suka rage a fada kuwa su ne ke da kunnen Sarki.

Wambai ya tashi daga Kano ya koma Ƙaraye da zama. Da zuwansa sai al'amarin iyaka ya juya. Da can Katsinawa ke kawo hari, Kano na karewa. Yanzu kuwa shi ne ke kai musu, ba ya ba su hutu, yana komowa da ganima mai yawa. Dukiyarsa ta ƙara bunƙasa, mayaƙa suka yi ta zuwa suna shiga ƙarƙashinsa, har ya zama yana da 'yan lifida 100 da dawaki 1,000. Ƙaraye ta tashi daga matsayin filin daga ta zama sansani mai ƙarfi, mai shugaba zaunanne. Manoman yammacin Kano, waɗanda suka daɗe suna shuka ba su san wanda zai girbe ba, su ne suka fi kowa cin moriyar zamansa.

Amma fa abin da ya zama garkuwa ga talakawa shi ne ya zama abin tsoro ga fada. Dawaki 1,000 a hannun mutum guda, a garin da ke nesa da idon Sarki, runduna ce wadda in ta juya fuskarta gabas za ta iya isa birni cikin ɗan lokaci. Mai rundunar kuma ya san ganuwar yamma ciki da waje, tun da shi ya gina ta.

TUƁEWA DA RASUWA

Muhammadu Nazaki bai daɗe ba, kimanin shekara 5 ya yi ya rasu cikin 1623. Ɗansa Muhammadu Alwali, wanda aka fi sani da Kutumbi, ya hau gado. Da rasuwar Nazaki Wambai ya rasa wanda ya ga aikinsa da idonsa, wanda kuma ya ke jin nauyinsa. Sabon Sarki ya zo da nasa mutanen da nasa tsarin. Kutumbi sarki ne mai son tara iko a hannunsa. Shi ne ya fara karɓar jangali daga Fulani, ya kuma ƙirƙiro sababbin sarautu irin su Sarkin Shanu da Sarkin Samari ya ba waɗanda ya yarda da su. Sarki irin wannan ba zai so a ce akwai wata giwa a dajinsa ba.

Aka fara raɗe-raɗin cewa Wambai zai yi tawaye. Tarihin Kano bai ce ya yi ba, abin da ya ce shi ne an yi zaton zai yi. A kan wannan zato aka tuɓe shi daga sarauta.

A nan ne halin mutumin ya fito.    Tarihin Kano bai ce ya ja da hukuncin ba, bai kuma ce ya tara jama'a ba. 

Ta haka sunan Ƙaraye ya haɗu da na mutum biyu waɗanda suka tsare Kano daga yamma. Na farko ya zo mata da nasara ya rasu yana Sarki. Na biyu ya zo mata da girma, daga baya aka tuɓe shi.

KO FADA TA YI GASKIYA?

Adalci ne a duba al'amarin ta wajen Kutumbi ma. Tsoron da sarakunan Kano ke yi wa manyan fadawansu yana da dalili, abubuwan da suka faru daga baya kuwa sun nuna haka. Shi kansa Kutumbi ya ɗaukaka wani amininsa, Kalina Atuman, ya ba shi iko har ya zama kamar sarki na biyu, ya yi shekara 12 a haka kafin ya rasu. Bayansa wani mai suna Dawaki Kwoshi ya yi ƙarfi, ya fita bayan gari, manyan mutane suka bi shi, sai da Sarki ya lallashe shi da daɗin baki sa'an nan ya komo. Bayan rasuwar Kutumbi kuma, cikin 1652, Madaki Kuma ya tuɓe Sarki Kukuna ya naɗa Soyaki. Wata 3 kaɗai aka yi Kukuna ya komo da runduna, aka gwabza a Hotoro, ya karɓi gadonsa. Ya sa aka ɗora Madaki a kan jaki, 'yan mata suka kora shi suna zagaya gari, baƙin cikin wannan wulaƙanci ya kashe shi.

Saboda haka bafade mai ƙarfi na iya zama masifa ga gadon sarauta. Sai dai in an jera mutanen nan, za a ga bambanci. Dawaki Kwoshi ya fita ya ja daga, aka lallashe shi. Madaki Kuma ya tuɓe sarki da hannunsa. Wambai Giwa kuwa, wanda ya fi su abin yin tawaye, ba a ji ya yi tawayen ba. Laifin da aka same shi da shi bai wuce yawan dawaki da yawan masoya ba. Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, a nan kuwa babu abin da ya nuna ya zama gaskiyar.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Yaƙin Katsina bai ƙare da tuɓe Wambai ba. Ɗan Kutumbi, Bako, ya kai hari Kurmin Ɗan Ranko, wani zangon fatake a kan hanyar Gwanja, ya komo da ganima. Kutumbi kansa ya je Katsina sau biyu. A zuwa na biyu Katsinawa suka mamaye sansaninsa, rundunar Kano ta watse, Sarki ya tsira da ƙyar, bayan kwana 3 ya rasu. Wannan cikin 1648 ne. Waɗansu sun ce a Katsina aka kashe shi, amma marubucin Tarihin Kano ya fi ƙarfafa cewa a Kano ya cika. Sai a zamanin Sarki Shekarau, tsakanin 1649 da 1651, malamai uku, Shehu Atuman da Malam Bawa da Limamin 'Yandoya, suka shiga tsakani aka ƙulla sulhu. Gabar da ta fi shekara 150 tana cin mutane, wadda takobi ya kasa kashewa, alƙalamin malamai ya kashe ta.

Ganuwar Wambai kuwa ta zauna. Ta ga ƙarshen mulkin Kutumbawa cikin 1807, ta ga zamanin sarakunan Fulani, ta ga Basasar Kano. Ran 3 ga watan Fabrairu, 1903, sa'ad da rundunar Turawa a ƙarƙashin Kanar Morland ta iso Kano daga Zariya, wannan yankin ganuwa ta fuskanta. Suka fara gwada Ƙofar Dukawuya da igwa, ba su sami shiga ba, sai suka matsa zuwa Ƙofar Kabuga suka fasa ta. Watau bangon da aka gina don mashi da kibiya, shekara 280 bayan gina shi, sai da ya tilasta wa masu igwa suka sake dabara. Wani abin lura kuma, wanda aka naɗa Sarkin Kano a wannan shekara, Muhammadu Abbas, sarautar Wambai ya ke riƙe da ita kafin naɗinsa.

A yau birni ya tsallake ganuwa ya bazu ko'ina. Filin da Wambai ya kewaye don noma ya cika da unguwanni, tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yana daura da wannan yanki, manyan tituna sun ratsa ƙofofin. Ganuwar ta zaizaye a wurare da yawa, waɗansu wuraren ma an yi gini a kanta. Amma sunayen Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga da Kansakali suna bakin kowane Bakano, ko da ya ke kaɗan ne cikin masu bi ta nan kullum suka san wanda ya ciyar da maginan.

Ƙaraye ma tana nan da sarautarta. Bayan jihadi ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan ƙasar Kano masu sarki na gado. An gina babbar madatsar ruwa ta Calawa a ƙasarta, aka gama cikin 1992. Cikin 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Bichi da Rano da Gaya. Cikin watan Mayu na 2024 aka soke dokar da ta yi haka, sa'an nan cikin watan Yuli na shekarar aka mai da ita masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Tambayar da ta tashi a zamanin Kutumbi, watau wane irin iko ya kamata Ƙaraye ta samu a gaban Kano, ita ce dai a ke ta juyawa bayan shekara 400.

Ga masu riƙe da al'amuran jama'a, rayuwar Wambai Giwa tana da abin dubawa. Ya tara dukiya mai yawa, ya kuma zuba ta cikin aikin da ya amfani na gari da na ƙauye. An ba shi wuri mai haɗari ya riƙe shi da kyau. Da aka juya masa baya bai rushe abin da ya gina ba, bai kuma jawo wa ƙasarsa yaƙin cikin gida ba, alhali yana da ikon yin haka. Sarautar da aka karɓe daga hannunsa ta bi ta hannun mutane da yawa waɗanda ba a tuna ko sunansu, shi kuwa har yanzu in za a ba da tarihin ganuwar Kano ko na Ƙaraye sai an ambace shi. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba na yau ikon koyi da kyawawan ayyukansu, amin.